Karatun watan sanyi: littafi ɗaya mai kauri ko ƙanana da yawa?

Alƙalamin_Dare:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Wata ya kusa ƙarewa, ga sanyi ya kankama, sai na ce bari mu taɓa hirar da muka saba. Me kowa ya karanta a watan nan, kuma wane ɗan ƙaramin abu ne na sanyi ya fi yi masa daɗi yana cikin karatun? Amma kafin ku fara, ga tsokanata. Ni a ganina watan sanyi na littafi ɗaya ne, mai kauri, wanda za ka yi ta ja da shi har ka saba da mutanen cikinsa. Wannan gasar ta "na gama goma", "na gama sha biyar" da ake yi a ƙarshen wata tsere ne kawai. Dare ya yi tsawo, fita ta ragu, to gaggawar me ake yi? Wanda bai yarda ba ya fito mu buga.

Mai_Kula:
Wa alaikumus salam. Sunayen littattafai a saka su a jerin wata kamar kullum don kada su ɓace cikin surutu, nan hira ce. Kuma don Allah kada wanda ya faɗa mana ƙarshen labari.

Maman_Biyu:
Yaya Alƙalami, daga sallama sai tsokana? To ni ce mai ƙananan littattafan, kuma ban ga laifina ba. Mai ƙananan yara ba ta da dogon dare, ko da sanyi ko babu. Abin da nake samu shi ne ɗan tsakanin barcinsu da lokacin da nawa idon zai rufe. In na ɗauko mai shafi ɗari takwas, kafin in kai tsakiya na manta waye ƙanin wa, waye ya ci amanar wa. Gajerun labarai na karanta a watan nan, kowanne ina gama shi a zama ɗaya in kwanta da shi a raina. Daɗin sanyi kuwa, yaran suna kwanciya da wuri ba sai an yi daga ba. Wannan kaɗai ya ishe ni.

Sarkin_Barci:
Ni dai ina babi na ɗaya tun farkon wata. Bargo ne ya fi ƙarfina.

Zee_Fitila:
Sarki, kai ai ba littafi ka saya ba, maganin barci ka saya. Ni na karanta labarin binciken kisan kai guda, da tarin waƙoƙi da nake ɗan tsakura da safe. Na lura labarin ban tsoro ya fi shiga a sanyi. Kana lulluɓe, iska tana kaɗa taga, ga marubuci yana cewa an ji taku a bayan ƙofa. Da zafi sai ka ji abin wasa ne.

Tsohon_Malami:
Malam Alƙalami, ina tare da kai rabi, ina tare da Maman_Biyu rabi, kuma ga dalili. Yawancin manyan littattafan nan masu kauri da muke gani a kan kanta muna jin tsoro, waɗanda suka fara karanta su ba a dunƙule suka same su ba. Charles Dickens na Ingila, dogon labarinsa na farko kashi-kashi aka riƙa fitar da shi daga 1836 zuwa 1837, kowane wata kashi ɗaya. Da yawa daga manyan littattafansa na baya ma haka suka fito, shafi 32 a wata da zane biyu, har a kai kashi 20. Wato mai karatu yana shafe sama da shekara ɗaya da rabi tare da labari guda, amma abin da yake riƙewa a hannu kowane lokaci ɗan siriri ne, bai fi gajerun labaran Maman_Biyu ba. Shi ma babban littafin yaƙi na Tolstoy, marubucin Rasha, a mujalla ya fara fitowa a 1865, sai a 1869 aka kammala shi. To kun ga kauri wani abu ne da ɗab'i ya haɗa daga baya. Marubutan sun san mai karatu zai yi wata guda bai ga mutanensu ba, shi ya sa suke ba kowane mutum wata alama, ko salon magana ko wata ɗabi'a, da za ka gane shi da ita nan take. Maman_Biyu, irin waɗannan ba za ki manta waye ƙanin wa ba, an rubuta su ne don mai katsewa.

Alƙalamin_Dare:
Baba Malam, ai ƙara min ƙarfi ka yi. Shafi 32 a wata! Wannan shi ne sannu-sannun da nake faɗa.

Maman_Biyu:
A'a Yaya, kada ka janye Baba ɓangarenka. Rabi ya ce.

Ɗan_Lissafi:
Bari in kare masu ƙirga tunda an mayar da mu abin zagi. Mutum sai ya ɗauka yana karatu alhali littafi ne a cinya, waya a hannu. Rubuta abin da ka gama shi ne yake nuna maka gaskiyarka. Kuma lissafin ma yana taimakon masu son kauri. A 2019 Marc Brysbaert na Jami'ar Ghent a Beljiyam ya tattara bincike 190 a kan saurin karatu, ya samu cewa babban mutum mai karanta Turanci a zuci yana cin kalmomi kusan 238 a minti in littafin ilimi ne, kusan 260 in ƙagaggen labari ne. To ku buga. Labari mai kalmomi 90,000 bai cika awa shida ba. Ƙaton da ke da kalmomi 500,000 kuwa awa 32 ne da ɗoriya kaɗan, wato kusan awa ɗaya kowane dare na wata guda. Mai littafi ɗaya da mai littafi biyar za su iya zama lokaci ɗaya suka kashe. In za a ƙirga, a ƙirga awa.

Hajjo:
Ɗana Ɗan_Lissafi, lissafinka ya yi kyau a takarda. Amma duk wanda ya taɓa sa wa kansa adadin shekara a manhajar nan ta ƙirga littattafai ya san abin da ke faruwa a Disamba. Sai ka ga mutum yana laluben 'yan siraran littattafai, ba don yana son su ba, don ya cike gurbi kafin shekara ta ƙare. Wanda yake marmarin karantawa kuma yana can an ture shi gefe saboda zai ɓata lissafi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ka tambayi mai littafi hamsin me ya rage masa a kai, wani lokacin ko sunan jarumin bai riƙe ba.

Ɗan_Lissafi:
Hajiya, wannan laifin mai sa adadin da ya fi ƙarfinsa ne, ba laifin alƙalami ba.

Hajjo:
To wa ya taɓa sa adadin da bai fi ƙarfinsa ba a Janairu?

Bintun_Safa:
Ku bar faɗan nan ku amsa rabin tambayar na biyu mana. Ni nawa shan hantsi ne. Ranar da babu aiki, in rana ta ɗan ɗaga, sai in ja kujera inda take sauka, in ba ta baya, littafin yana cikin inuwar jikina don kada farin takarda ya kashe min ido. Bayana yana ɗumi, yatsun ƙafata suna cikin safa. In ranar ta matsa in matsa da kujerar. Tarihin rayuwar wata likita nake karantawa, kuma ba na son ya ƙare.

Kyanwar_Gida:
Nawa kofi ne mai zafi a tafin hannu. Ba ma shan ba, riƙewar. Sau da yawa shayin yana hucewa ban kurɓa ba. Sai kuma warin bargon da aka ciro daga akwati bayan ya yi watanni a ajiye.

Zee_Fitila:
Da kuma rashin gumi a kan takarda. Littattafan da na karanta da zafi duk gefensu ya yi dauɗar yatsa.

Bintun_Safa:
Amma fa sanyi ma da nasa. Yatsa ya bushe, shafi ya ƙi buɗuwa, ka yi ta murza. In ka shafa mai kuma ka bar wa takarda tabon da ba ya fita har abada.

Mai_Ɗaurin_Littafi:
Anti Bintu, ki shafa man a bayan hannu, ki bar kan yatsu, ko ki jira ya shige fata kafin ki taɓa littafi. Tabon mai yana shiga cikin zaren takarda ne, shi ya sa wurin yake zama kamar ana hangen bayansa. Tunda sana'ata ce bari in ƙara. Busasshiyar iska tana sa bangon littafi mai laushi ya nannaɗe, domin gefen takardar yana ƙanƙancewa shi kuma gefen da aka lulluɓe da leda ba ya motsi. Ba lalacewa ya yi ba, ki kwantar da shi ki ɗora masa wani mai nauyi. Abin da ke kashe littafi shi ne a ajiye shi kusa da wuta ko na'urar ɗumama ɗaki, gam ɗin bayansa ya bushe ya tsage, shafuka su fara zubewa. Masu adana littattafai suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Kuma don Allah a daina lasar yatsa ana buɗe shafi. Ban da ƙazanta, wasu littattafan ƙarni na 19 masu koren bango an rina su da launin da ke ɗauke da gubar arsenik. Gidan tarihi na Winterthur a Amurka ya fara bin sawunsu tun 2019, kuma a 2024 babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya janye littattafai huɗu daga kan kanta saboda haka.

Sarkin_Barci:
Alhamdu lillahi nawa bangon ja ne, kuma ban buɗe shafukan da za su kashe ni ba.

Kyanwar_Gida:
Ni abin da yake ba ni mamaki, rana tana nan fes a sama amma babu ƙarfi. Da yake ta yi mana nisa a watannin nan.

Injiniya_S:
Ƙanwata Kyanwa, akasin haka ne. A farkon Janairu duniya ta fi kusa da rana, kusan kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma take fi nisa, kusan miliyan 152. Abin da ke kawo sanyi karkatar duniya ce, wajen digiri 23 da rabi. A Disamba rabin arewa ya karkata ya ba rana baya, haskenta yana sauka a kaikaice, yini ya gajarta. Shi ya sa a daidai wannan lokacin mutanen Ajantina da Ostireliya suke cikin zafi, nasu sanyin sai Yuni zuwa Agusta. Dare mafi tsawo a arewa yana faɗowa 21 ko 22 ga Disamba. Tunda ana maganar ƙananan abubuwan daɗi, nawa shi ne in fita tsakar dare in ɗaga kai. Kaza da 'ya'yanta tana fitowa tun farkon dare a watannin nan, kuma wajen 13 da 14 ga Disamba akwai ruwan taurari masu faɗowa da ake gani da ido kawai. In sanyi ya kore ni sai in koma littafina, wanda shi ma na taurarin ne.

Kyanwar_Gida:
Yaya Injiniya, ko a hirar bargo sai ka kawo mana digiri.

Ɗalibi_A_Nesa:
Ina karanta ku ina murmushi. Inda nake karatu yanzu, kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, ka shiga aji da duhu ka fito da duhu. Maganar Yaya Alƙalami cewa dogon dare yana kawo karatu, ban sani ba ko ta zauna a ko'ina. In duhu ya yi yawa, jiki mutuwa yake yi, ka buɗe littafi ka ga layi yana rawa. Akwai waɗanda suka fi mu ma. A Tromso ta ƙasar Norwe rana ba ta fitowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. A Reykjavik ta Aisland yinin tsakiyar Disamba kusan awa huɗu ne. Amma su mutanen Aisland sun yi wa abin dabara. Ba su kai rabin miliyan ba, amma yawancin sababbin littattafansu a watannin ƙarshen shekara ake fitar da su, ana buga kundin sunayensu a Nuwamba kowa ya zaɓa, sannan a daren 24 ga Disamba a yi wa juna kyautar littafi a zauna karatu. Abin ya samo asali tun lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da kayan kyauta daga waje suka yi wuya, takarda kuwa ana samu. Ni a watan nan ban iya sabon littafi ba, wanda na taɓa karantawa na maimaita, don ba ya neman ƙarfin kai.

Hajjo:
Allah sarki ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Maimaitawar nan da ka faɗa ita ce tawa. Ni duk sanyi akwai littafin da nake komawa gare shi tun ina budurwa. Labarin bai canja ba, amma da can ina bayan yarinyar, yanzu kuma uwar nake tausayawa. To Ɗan_Lissafi, wannan a ina za ka sa shi, ɗaya ne ko sifiri?

Ɗan_Lissafi:
Ɗaya ne Hajiya, kowace shekara ɗaya. Ni ba azzalumi ba ne.

Nas_Mai_Dare:
@Ɗalibi_A_Nesa, ƙanina, kada ka ɗauki mutuwar jikin nan da wasa. In ta haɗa da yawan barci, rashin sha'awar abin da ka saba so, da ƙunci da ke zuwa duk lokacin sanyi ya tafi in rana ta dawo, likitoci sun san shi. Norman Rosenthal da abokan aikinsa a Amurka suka fara bayyana shi a 1984. Ana amfani da fitila ta musamman mai haske ƙwarai, a zauna gabanta kamar rabin awa da safe, kuma ana iya karatu a gabanta. Amma fara da fita waje da rana tsaka ko da hadari ne, domin hasken waje ya ninka na ɗaki nesa ba kusa ba. In abin ya ci gaba ka ga likita.

Sai kuma abin da nake faɗa duk shekara har an gaji da ni. Masu shiga da gawayi ɗaki su rufe ƙofa da taga don jin ɗumi, ku ji tsoron Allah. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Farkonta ciwon kai da jiri da jin barci, kuma mai karatu a kwance zai ɗauka barcin littafi ne ya zo. Haka janareta, ba a kunna shi cikin gida ko bakin taga. A ƙara bargo ya fi.

Sarkin_Barci:
Anti Nas kin tsorata ni. Nawa barcin dai na gado ne, babu gawayi.

Zee_Fitila:
Anti Nas, tunda kin zo, gaskiya ne karatu a waya da dare yana hana barci? Don ni a ƙarƙashin bargo waya ta fi sauƙi, hannu ɗaya ne a waje.

Nas_Mai_Dare:
Akwai ƙamshin gaskiya. An yi wani gwaji a Boston da aka wallafa a 2015, mutum 12 suka riƙa karatu a iPad kafin barci na wasu darare, sannan a littafin takarda na wasu darare. Da iPad sun ƙara kusan minti goma kafin barci ya ɗauke su, sinadarin da ke kiran barci ya makara, da safe kuma sun fi jin nauyin jiki. Amma ki lura awa huɗu suke yi a gabansa kowane dare, haske a ƙure. Ki rage hasken. Ni abin da na fi zargi a waya ba hasken ba ne, saƙon da ke shigowa ne kina tsakiyar babi.

Injiniya_S:
Na'urar karatu irin Kindle ta bambanta, fuskarta tawadar lantarki ce, ba ta cin wuta sai lokacin juya shafi, shi ya sa cajinta ke kai makonni. Kuma in kun ga batirin waya yana zubewa a tsananin sanyi ba lalacewa ya yi ba, sanyi ne ke rage saurin aikin sinadaran ciki. Sa ta cikin aljihu ta ji ɗumin jiki za ta dawo.

Mai_Ɗaurin_Littafi:
Littafin takarda dai bai taɓa cewa saura kashi biyu cikin ɗari ba.

Zee_Fitila:
Amma yana buƙatar hannu biyu a waje, Malam. A sanyin nan wannan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce.

Mai_Taswira:
Na makara, amma maganar Ɗalibi ta tuna min abin da na karanta a watan nan, tarihin masu binciken Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya. In ana neman waɗanda suka san karatun sanyi, su ne. A tafiyar farko ta Kyaftin Scott na Ingila zuwa can, jirginsu ya daskare a ƙanƙara, rana ta ɓace musu kusan wata huɗu, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta na 1902. Sai suka ƙirƙiro mujallar wata-wata ta kansu. Ernest Shackleton, ɗaya daga cikinsu, shi ne editan farko, yana buga ta da tafireta, kwafi ɗaya tak, da zane-zane da waƙoƙi da barkwanci, tana zagayawa hannu zuwa hannu. Abin da ya fi taɓa ni kuwa na baya ne. A wata tafiyar daban, bayan ƙanƙara ta murƙushe jirgin Shackleton a 1915, mutum 22 suka zauna a tsibirin Elephant daga Afrilu zuwa ƙarshen Agusta na 1916, ƙarƙashin kwale-kwale biyu da suka kife suka mayar ɗaki. Cikin ɗan abin karatun da ya tsira akwai wani ɗan littafin girke-girke. Kowane dare girki ɗaya ake karantawa, ba a ƙarawa, don kada ya ƙare. Sannan mutanen da yunwa ta gallaba su yi ta gardama a kan yadda za a gyara shi. Yaya Alƙalami, ga littafi siriri da aka karanta a hankali fiye da duk wani mai kauri. Ina ganin ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, kauri daban, natsuwa daban.

Maman_Biyu:
Mai_Taswira, Allah ya biya ka. Abin da nake ta son faɗa ke nan.

Alƙalamin_Dare:
Labarin ya yi daɗi, amma ban sauka ba. Su ba su da zaɓi ne. Mu da muke da ɗaruruwa a waya ɗaya, in ka gama siriri yau, gobe ka faɗa wani, jibi wani, babu wanda ya zauna. Mai kauri shi ne yake tilasta maka zama. Akwai wani abu da ke faruwa wajen shafi na ɗari uku da ba ya faruwa a gajeren labari: ka daina karanta mutanen, ka fara kewarsu. Kana wurin aiki kana tunanin me za su yi yau da dare.

Tsohon_Malami:
Wannan gaskiya ne, kuma ba ni da ja. Sai dai akwai mai kaurin da kumbura ce kawai. A shekaruna ba na ba littafi bashin da ba zai biya ba. Wata ma'aikaciyar ɗakin karatu a Seattle, Nancy Pearl, tana da ƙa'ida: ka ba littafi shafi 50, in bai kama ka ba ka ajiye. In ka haura shekara 50 kuma, ka cire shekarunka daga 100, abin da ya rage shi ne shafukan da za ka ba shi. Ni yanzu 'yan kaɗan ne suka rage min, marubuci ya yi sauri.

Hajjo:
Malam, mu dai kada a tambaye mu namu adadin a bainar jama'a.

Ɗan_Lissafi:
Kun ga Baba ma lissafi yake yi. Shi ba a ce masa komai ba.

Bintun_Safa:
Ni ban yarda da ƙa'idar nan ba. Akwai littafin da sai bayan shafi ɗari yake buɗe maka ƙofa, musamman tsofaffi da ke fara labari daga kakan kakan jarumi. Da na bi ta, da waɗanda na fi so duk na yar da su. Sanyi ne ma lokacin da mutum ke da haƙurin jiran irinsu.

Direban_Dare:
Ku yi haƙuri in tsoma baki. Mu da muke kwana a kan hanya, littafin sauraro muke ji. Na gama wani dogon tarihin daular Rum a watan nan, gilashi a rufe, ɗumi yana busowa a ƙafa. Wannan yana cikin lissafi ko mu 'yan kallo ne?

Zee_Fitila:
Yana ciki mana Malam Direba.

Mai_Ɗaurin_Littafi:
Sauraro ne, ba karatu ba. Ban ce bai da amfani ba.

Ummin_Gida:
Malam Mai_Ɗauri, mahaifiyata idonta ya yi rauni, ni nake karanta mata da dare, ƙafafunmu cikin bargo ɗaya. In na tsallake layi ita take kama ni, in marubuci ya manta abin da ya faɗa a baya ita take tunawa. Tsakanina da ita ban san wa ya fi karanta littafin ba. Kuma karatu a bayyane yana da nawa, babi ɗaya muke yi muryata ta dushe, don haka mu ma muna ɓangaren sannu-sannu ko ba mu so.

Mai_Ɗaurin_Littafi:
Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Da ita ba zan yi gardama ba. Da Direba dai muna nan.

Mai_Taswira:
Zee, ke mai son ban tsoro a sanyi, kin san littafin nan Frankenstein na Mary Shelley ɗan sanyi ne? Dutsen Tambora na Indonesiya ya yi aman wuta a 1815, tokarsa ta tare hasken rana, 1816 ta zo wa Turai da sanyi da ruwa a lokacin da ya kamata a yi zafi. Mary Shelley tana da shekara 18, ruwa ya tsare ta da abokanta a wani gida a bakin tafkin Janiba, ɗaya daga cikinsu, marubucin waƙoƙi Lord Byron, ya ce kowa ya rubuta labarin ban tsoro. Nata ya fito a 1818, kuma a cikin ƙanƙarar arewa labarin ya fara, a can ya ƙare.

Mai_Kula:
Mai_Taswira, na ce ban da faɗin ƙarshen labari.

Mai_Taswira:
Ranka ya daɗe, wuri na faɗa, ban faɗi abin da ya faru ba. Kuma littafin ya haura shekara ɗari biyu.

Ɗalibi_A_Nesa:
Anti Nas na gode, na fita yau da rana na zagaya. Wani ɗan abin daɗi da na gano: in ka shigo daga sanyi tabarau ya yi hazo, dole ka tsaya ka jira, ba ka ganin komai sai ɗumi da ke shiga kunnuwanka. Ina da shawara kuma. Tunda Baba Malam ya ce kashi-kashi aka fara karanta manyan littattafan nan, me zai hana mu ɗauki ɗaya mai kauri a wata mai kamawa, shafi 32 kowane mako, mu riƙa haɗuwa a nan? Masu ƙanana ba za su rasa lokacin nasu ba.

Alƙalamin_Dare:
Shafi 32 a mako, mai shafi ɗari takwas zai kai mu wata shida. Sanyi ya wuce, zafi ya zo.

Maman_Biyu:
To sai me? Ba kai ne mai cewa gaggawar me ake yi ba? Ni ina ciki, amma a bari yara su koma makaranta tukuna.

Direban_Dare:
A zaɓi wanda akwai na sauraronsa.

Ɗan_Lissafi:
Ni zan riƙe jadawalin wanda ya kai ina.

Hajjo:
Kowa ya riƙe ban da kai, ɗana. Jarrabawa za ka mayar mana da shi. A ba Bintu, kuma kada a zaɓo mai ƙananan rubutu, tabarauna ya tsufa.